Amshin da Ya Ƙetare Ruwa

Shekara talatin ina ƙona dalma a Ƙofar Guga,
ina mayar wa matattun rediyo da harshe.
Wata Laraba kaset ya sarƙe a cikin tsohuwar rakoda,
na zaro shi, na naɗe da biro, na danna,
sai ga amshin da iyayenmu suka cinye takalma a kansa:
"Ruwa ya ci hanya, ban koma ba."

Mun yi rawarsa a suna, mun yi a biki,
ba wanda ya tsaya ya ce, wane ruwa?
Katsina fa ba ta da kogin da zai hana namiji gida.
Kuma muryar, in ta zo kan "hanya", sai ta ranƙwafa
kamar jakin da aka ɗora wa buhu na uku.
Daren nan ban yi barci ba.

Na sami Tanimu mai kukuma a Rafin Daɗi,
idonsa ya tafi, kunnensa na nan.
Ya ce, "Ni na rera, amma ba ni na haifa ba.
Tsinta na yi a zauren Saje Barmo, a Daura,
daga bakin garmaho mai wuyan zakara.
Turanci ne, ban ji ko ɗigo ba,
sai dai kukan ya yi mini daidai, kamar rigar gado,
na sa masa Hausa, na fita da shi kasuwa."

Na hau motar Daura, mu tara da akuya.
Saje ya daɗe da kwanta dama.
'Yarsa Tabawa ta jawo akwati daga ƙarƙashin gado,
ga faifai baƙi, gefensa a ɓantare,
gara ta cinye sunan mai waƙar.
Ta ce, "A bakin teku aka ba Baba, bayan yaƙi,
wani baƙin soja ne ɗan Amurka.
Ya ce kiɗan su ne, sunansa bulus."
Na yi dariya. A garinmu bulus abin da ka samu a banza ne.

Na goge allura da bakin riga, na wana.
Ƙara ta fara zuwa, kamar ana soya gyaɗa,
sannan tsirkiya ta yi ƙorafi,
sannan mutumin.
Dariyata ta koma ciki.
Wannan ba bulus ba ne, an biya,
kuma ba da kuɗi aka biya ba.

Ina cikin haka, daga bayan danga
wata murya ta kama amshin tun kafin ya iso.
Iya Dela ce, tana ɓarar gujiya, haƙori biyu ya rage mata.
Ta ce, "Kashe injin nan, yana ɓata waƙar.
Kakata ke yin ta a kan dutsen niƙa,
ita ma daga tata kakar ta ji,
wadda ƙanenta ya tafi kai gishiri kudu,
aka dawo da jakinsa, ba a dawo da shi ba."

Na ce, Iya, kin tabbata ita ce?
Ta ce, "Kai ka tabbata kunnenka naka ne?"

Ba ni da takarda, ba ni da shaida.
Watakila baƙin ciki ko'ina da ƙafa ɗaya yake ɗingishi.
Watakila kuma yaron nan ya hau jirgin da bai zaɓa ba,
ba wando na biyu, ba guzuri,
sai layi ɗaya a ƙarƙashin harshe,
jikokinsa suka yi ta juya shi a gonar auduga
har ya sami soja, ya sami faifai, ya sami Tanimu.

Na dawo shago da magariba.
Mai rakoda na jira, yana tambayar nawa ne.
Na ce ya bar shi.
Ya tafi yana fito da amshin, yana taka rawa,
ni kuwa dalma ta huce a hannuna, ban lura ba.